Makullin Wucin Gadi

Masu karatu, ku gyara zama, amma kar wanda ya tambaye ni ina aka dosa, don ni kaina ban sani ba. Ni ce Auta, ƙaramar gidanmu, wadda kowa yake da lasisin yi wa faɗa. Abin da zan ba ku yau ya faro ne daga saƙo guda a waya, kuma har yanzu da nake wannan rubutu kaina a ɗaure yake.

Bari in fara da aikina, in ba haka ba za ku ɓata a hanya kamar yadda Mama ta ɓata. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke bin kayan shagunan magani: wanne ya shigo, wanne ya kusa ƙarewa, wanne ya kusa lalacewa a kan kanta. Ofishinmu yana saman wani shagon fenti, shi ya sa kullum mayafina ke warin fenti kamar ni ce mai shafawa. Teburina yana jikin taga, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin wani jan bokiti. Bayanan da muke aiki da su ba a ofishin suke ba. Suna can cikin manyan kwamfutocin wasu mutane da muke haya a nesa, su ake ce wa gajimare. Ranar da na fara jin kalmar sai da na ɗaga kai na kalli silin, har yau ba a daina yi mini dariyar ba.

A da kowannenmu yana da makullinsa na shiga gajimaren. Ba na ƙarfe ba, wasu dogayen haruffa ne da lambobi a cakuɗe, ka ajiye su cikin kwamfutarka shi ke nan, ba sa tsufa ba sa mutuwa. Sai rannan manajarmu ta tsorata, wai in ɓarawo ya ɗauke kwamfuta ɗaya tamkar ya ɗauke kamfanin ne gaba ɗaya. Ta ɗauko wani mutum daga waje a kan kwantiragi, ya zo ya canza mana tsari. 'Yan ofis suka laƙaba masa Mai Makulli, sunan kuwa ya zauna.

Dogo ne siriri, kullum cikin riga mai dogon hannu da yake naɗewa zuwa gwiwar hannu, ga tabarau da ke zamowa kan hancinsa yana turawa da bayan yatsa. Shayinsa ba sukari. Magana kuwa sai ka ce sayen ta yake, a hankali, yana auna kowace kalma. Ni da bakina ba ya hutawa, da farko haushi yake ba ni.

Ya zaunar da mu ya ce daga yanzu ƙofa ɗaya ce. Da ita za ka shiga wasiƙun ofis, da ita za ka shiga manhajar hirar ofis, da ita za ka shiga gajimare. Ka buɗe shafin kamfani, ka sa sunanka da kalmar sirrinka. Wayarka za ta yi ƙara ta nuna maka maɓalli biyu, Amince da Ƙi. In ka danna Amince, kamfani zai aika wa gajimare shaida cewa lalle wannan namu ne. Gajimare sai ya ce ka zaɓi matsayinka, mai dubawa kawai ko mai gyara. Daga nan ya miƙo maka layi uku na haruffa, su ne makullin. Ka kwafa ka liƙa a inda kake aiki. Bayan awa ɗaya ya mutu, in ba ka gama ba ka koma ƙofa ka sake nema.

Kowa ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ni na ɗaga hannu na ce to in gajimaren bai san kalmar sirrina ba, bai san fuskata ba, a kan me zai ba ni makulli?

"Bai san ki ba," ya ce. "Amma ya yarda da kamfaninku. Kamfanin ne ke tsaya miki."

Na ce to. Wallahi ban gane ba, amma na ce to.

Daga nan aka shiga wahala. Yau in kwafi layi biyu in manta na uku. Gobe in zaɓi mai dubawa alhali gyara zan yi, gajimare ya hana ni taɓa komai. Jibi ina tsakiyar aiki sai jan rubutu ya cika mini allo, wai makullina ya mutu. Sai in ɗauki kwamfuta in nufi teburinsa a lungu kusa da firij. Akantarmu, wadda teburinta ke manne da nawa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin makullin da ya kai nawa saurin mutuwa ba, ko dai a kai shi asibiti. Na rantse muku ba da gangan nake ba. Yawanci dai.

Sau ɗaya ya taɓa ɗaure mini fuska. Wayata ta yi ƙara ina hira da akanta, na danna Amince ban ko kalli allon ba. Ya tsaya a kaina ya ce in wani ne ya saci kalmar sirrina yake nema daga wani gari, da yanzu na buɗe masa ƙofa da hannuna.

"Malama, kar ki ƙara danna Amince sai kin san wanda ke nema."

Na murguɗa baki na ce na ji. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

To ga inda kaina ya fara kullewa. Mutumin nan sai ya turo mini saƙo a manhajar ofis: "Kin ci abinci?" Zuciyata ta ɗan yi tsalle. Kafin in gama zaɓen amsa sai wani ya biyo: "Kin sabunta kalmar sirrinki?" Ya gyara mini ƙafar kujera da ke karkata, ba wanda ya sa shi. Ya lura wayar cajata ta tsinke a wuya, washegari na tarar da sabuwa a kan teburina ba ko takarda. In na makara sai ya rubuto, "Lafiya dai?" In na ce lafiya, sai ya ce, "To, madalla," ya ja bakinsa. Ku gaya mini, jama'a, wannan so ne ko kyakkyawar tarbiyya? Na yi ta juya abin har na gaji. Kuma duk hirar nan a manhajar ofis muke yin ta. Bai taɓa neman lambata ba, ni ma ban nemi tasa ba. Ban ga komai a ciki ba, tunda manhajar tana cikin wayata, duk inda nake zai same ni.

A gida kuwa wuta ake hura mini a hankali. Mama tsohuwar malamar makaranta ce, ta yi ritaya amma jan biro bai bar hannunta ba, duk abin da ya gifta gabanta sai ta karanta ta gyara. Kullum na dawo tana zaune a kujerarta mai hannun katako kusa da taga, tabarau a rataye a wuya, sai ta tambaye ni ko kwamfutar ce za ta aure ni. Yayata tana aure a unguwar da ke bayanmu, ita ce mai kawo rahoton wacce aka yi wa baiko da wacce ta haihu. Goggo in ta kira waya ba ta gaisuwa, "Har yanzu?" kawai take cewa. Baba shi ba ruwansa da yawan magana, daga shagonsa na kayan gyaran mota sai gida, amma duk mun san in magana ta kai kunnensa ta gama zama wasa.

Ranar Asabar da rana manaja ta rubuto cewa wani shago ya shigar da kaya sau biyu, in gyara daga gida. Gyaran yana buƙatar in shiga wani sashe na gajimaren da muke ce wa ɗakin ajiya, ni kuwa ba a taɓa ba ni izinin gyara a can ba. Na rubuta wa Mai Makulli. Soket ɗin ɗakina ya lalace tun tuni, don haka na jona wayar a falo, kan kabad ɗin talabijin, kusa da hoton bikin Yaya da furen roba. Na fita tsakar gida kwashe shanya.

Na dawo rungume da kaya na tarar da Mama a tsaye, tabarau a kan hanci, wayata a hannunta. Allon ya haska da kansa da saƙo ya shigo. Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi. Cikin muryar da take kiran sunayen ɗalibai ta karanta mini:

"Na buɗe miki ɗakin. Makullin na wucin gadi ne, awa ɗaya kawai. Ki shiga ki yi abin da za ki yi ki fito. Kar ki nuna wa kowa, ko manaja. In ya mutu ki sake nema, ina nan."

Ni da farko dariya ma ta taso mini. Da na kalli idonta sai dariyar ta koma ciki.

Na fara bayani, kuma kowace kalma na faɗa sai ta ƙara ɓata lamarin. Na ce ai ba ɗaki ba ne na gaske, a gajimare yake. Ta tambaye ni ko sunan otal ɗin ke nan. Na ce a'a, Mama, makullin ma ba makulli ba ne, haruffa ne. Ta ce ta sani, na zamani ai lamba ake dannawa, ta gani a talabijin. Na ce kowa a ofis yana da nasa, har akanta mai 'ya'ya. Ta dafa kabad ta yi salati. Na ce bari in nuna miki a kwamfuta, na buɗe, garin sauri na sa kalmar sirri ba daidai ba, na sake, na sake, shafin ya kulle ni ya ce in jira. Mama ta ce ko kwamfutar ta ƙi ta yi mini shaidar zur.

Kafin in ankara ta kira Yaya. Ita kuma kamar jira take, sai ga ta da mayafi a karkace da takalmin wanka, ta karanta saƙon ta sake karantawa, ta ce ita abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne "ina nan". Na ce Yaya, a teburinsa yake nufi. Ta ce yau Asabar, wane teburi?

Na zauna a hannun kujera na haƙura da bayani, don na ga alama ko rantsuwa na yi za a ce da wata manufa.

Mama ta cire tabarau ta ninke. Ta ce ba za ta kai wa Baba magana ba tukuna, don ba ta kai masa abin da ba ta tantance ba. Amma gobe mutumin nan ya zo falon nan da ƙafarsa, ya nuna mata ɗakin da makullin, ya kuma faɗi matsayinsa a wurina. In bai zo ba, aiki ya ƙare, kuma Baba zai ji dalili.

Ku duba halin da na shiga. Aikin ba shi ya fi tayar mini da hankali ba. Mutumin da bai taɓa ce mini ko "kin yi kyau" ba, shi zan ce wa ya zo gidanmu ya faɗi matsayinsa. In ya ce shi mai gyaran kwamfuta ne kawai fa? A gaban Yaya? Gara ƙasa ta tsage in shige.

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa gaskiya tsirara: Mama ta karanta saƙonka, ta ɗauka ɗakin gaske ne, ta ce ka zo gobe ka yi bayani. Ban saka maganar matsayi ba, na kasa. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai ga amsa:

"Subhanallah. Laifina ne. In zo da kwamfuta?"

Wallahi na so in jefar da wayar. Ana maganar mutuncina, shi kwamfuta yake tambaya.

Washegari na canza kaya har gadona ya cika. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga kamar zan je gaisuwar rasuwa. Na sa mai ruwan hoda, na ga kamar na shirya wa abin da ba a ce za a yi ba. Na ƙare da shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu da farin mayafi, na shafa kwalli na goge rabi. Mama ta sa aka canza rigunan kujeru, aka ɗauke kwandon guga daga falo, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai manyan baƙi. Na ce a raina, wanda ake tuhuma ake fito wa da kofunan nan? Nan ma ban gane ba.

Ya iso bayan la'asar, lokacin Baba yana shago. Farar riga ya sa, a goge, bai naɗe hannun ba, ga jakar kwamfuta a kafaɗa da ledar lemo da ayaba. Ya cire takalmi ya jera su daidai a bakin ƙofa. Mama ta nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa kan kafet. Yaya ta kame a kusurwa tana yi masa kallon awo.

Ya ba da haƙuri tukuna, ya ce shi ya rubuta magana ba tare da tunanin yadda za ta faɗa a kunnen wanda ba ya cikin aikin ba. Sannan ya ɗora kwamfutata a kan ƙaramin teburi ya juya ta wajen Mama, ya ce ni in shiga da kaina. Na sa suna, na sa kalmar sirri, wannan karon Allah ya rufa asiri. Wayata ta yi ƙara. Na karanta a hankali, don na san yana kallona, sannan na danna Amince. Shafi ya buɗe ya ce in zaɓi matsayi. Na zaɓa. Layuka uku suka fito. Ya ce, "Mama, ga makullin." Ya nuna mata ɗakin ajiyar, ba komai ciki sai sunayen magungunan tari da na hawan jini a jere.

Yaya ta saki wata ajiyar zuciya, ban sani ba ta sauƙi ce ko ta takaicin labari ya mutu.

Mama kuwa malanta ta motsa. Ta tambaye shi me ya sa makullin ke mutuwa. Ya ce don in ya faɗa hannun da bai dace ba, ɓarnar ba za ta yi nisa ba. Ta tambaye shi wa ke ba mutum matsayi. Ya ce masu gidan ne ke tsarawa, mutum ba ya ƙirƙira wa kansa. Ta tambaye shi in baƙo ya zo kai tsaye wajen gajimaren ya ce shi mutumin kirki ne fa? Ya ce ba za a saurare shi ba, sai wanda aka yarda da shi ya tsaya masa. Mama ta gyaɗa kai a hankali. Abin da na kwashe makonni ina fama da shi, ita ta haɗiye shi a zama ɗaya, har na ji kishi.

Sai ta rufe kwamfutar da tafin hannunta.

"Na gamsu da ɗaki. Saura ɗayar tambayar. Kai mene ne matsayinka a wurin Auta?"

Na kafa ido a kan furen kafet. Ya tura tabarau da bayan yatsa, ya dubi Mama.

"Mama, ai na faɗa. Mutum ba ya ba kansa matsayi. Nema yake yi, masu gida su duba."

"To kana nema ne?"

Daidai nan, daidai wannan gaɓar, Mama ta juyo ta ce in tashi in haɗo wa baƙo shayi. Na ce akwai a fulas. Ta ce sabo take so. Na tashi ina jan ƙafa. A kicin na kasa kunne, amma butar ta fara kuka, ga Yaya ta biyo ni ta tsaya a ƙofa tana tambayata ko albashinsa na da kauri. Da na fito da tire, Mama tana tura wayarta ƙarƙashin matashin kujera, shi kuma yana zuge jakarsa. Ya sha shayin, ba sukari kamar yadda na san yana so, ya kalle ni ya ce, "Na gode, Auta." Bai taɓa kirana haka ba. Ya yi sallama ya tafi.

Na tambayi Mama me ya ce. Ta ce in kwashe kofuna kar su fashe.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Teburin da ke kusa da firij a share yake, ba kofin shayi, ba igiyoyin caji. Na ce ƙila ya makara. Na buɗe manhajar hira in rubuta masa "Lafiya dai?" in rama, sai na ga sunansa ya dusashe, wurin rubutu ya rufe. A ƙasa an sa wai wannan mutumin ba ya cikin kamfanin.

Manaja ta shigo tana kaɗa makullin mota. Na tambaye ta kamar ba komai. Ta ce ai aikinsa ya ƙare tun makon jiya, shi ya roƙi a bar shi zuwa ƙarshen mako wai yana da abin da bai kammala ba. Da safen nan ta rufe ƙofarsa. Har tana yabonsa, wai dannawa ɗaya ta yi komai nasa ya mutu, wasiƙa da hira da gajimare, haka ya gina abin da hannunsa.

Sai a lokacin ya faɗo mini cewa ba ni da lambarsa. Ban san unguwarsu ba. Duk abin da ke tsakanina da shi ta ƙofa ɗaya yake bi, kuma an rufe ta. Akanta ta ce ita ma ba ta da ita, ta ce in tambayi manaja. Da wane baki? In ce ina neman lambar ɗan kwantiragi don me?

Ranar nan makullina ya mutu na sabunta, ya sake mutuwa na sake sabuntawa, ba kuskure ko ɗaya. Abin ya ƙara ƙona mini rai. Na iya, kuma babu wanda zan nuna wa na iya. Na yi ta tambayar kaina: ya san yau za a rufe shi, me ya hana shi faɗa mini? Zuwan da ya yi don ya wanke ni ne kawai ya wanke kansa ya wuce? To "Auta" ɗin fa? Na shiga banɗaki na yi kuka kaɗan, na fito na ce fenti ne ya shiga idona.

Na koma gida da yamma ko mayafi ban cire ba na zube a kafet. Mama tana kujerarta tana gyara wa jikarta aikin gida da jan biro. Na ce mata ya tafi, an rufe shi, ba ni da hanyar samunsa. Ban yi niyyar muryata ta karye ba, amma ta karye.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani, ai ya gaya mata jiya. Ta ce ta shaida masa gidan nan ma ƙofa ɗaya gare shi, shi kuma ya ce haka ya fi so, shi ya sa bai taɓa neman lambata ta bayan gida ba. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wayarta, ta lalubo lambarsa, ta danna kira ta miƙo mini.

"Ungo. Na wucin gadi ne."

Ya ɗauka tun kafin in daidaita numfashina. Ya gaida Mama, na ce ni ce. Sannan ya ce ya yi magana da kawunsa, gobe yake son kawun ya zo wajen Baba ya tsaya masa, in Allah ya yarda. Amma ya ce wa kawun ya dakata tukuna, don tsarin bai cika ba.

"Saura amincewar mai wayar," ya ce. "Ban taɓa tambayarki ba, Auta. In kin ce e, gobe zai zo. In ba haka ba, ba zan sa dattijo ya tako ba, kuma ba zan ƙara damunki ba. Amince ko Ƙi?"

Jama'a, amsar tana bakina. Tun ranar da na tarar da wayar caji a kan teburina take bakina. Amma kun san halina. Na tuna kukan da na sha a banɗaki, na tuna makonnin da ya bar ni ina lissafin "kin ci abinci". Na ce bari in ɗan ja masa rai ko na numfashi biyu ne, ya ɗanɗana. Na gyara murya na ce:

"Malam, ba kai ka ce kar in danna Amince sai na san wanda ke nema ba? Ni kuwa ban san ka ba."

Dariya zan yi bayan nan. Na rantse da Allah dariya zan yi in ce na amince. Sai aka buɗe ƙofar gida, muka ji tarin Baba da ƙarar makullan shagonsa. Mama ta fizge wayar daga kunnena ta katse kiran, ta tura ta ƙarƙashin matashi ta zauna a kai.

"Lokaci ya cika," ta ce a hankali. "Ya mutu."

Na ce Mama, ban gama ba, bai ji ƙarshen ba. Ta ce ita abin da kunnenta ya ji shi ne ban san shi ba, kuma ta ga hankali a maganar, yarinya ba ta gaggawa. Baba ya yi sallama ya shigo, ya zauna a kujerar da ke kusa da ita, ya miƙe ƙafa ya ce a kawo masa ruwa, yau ba inda zai sake fita.

Na kawo ruwan na ajiye masa. Wayar tana ƙarƙashin Mama, Baba yana gefenta, mutumin da ke ɗaukar kowace kalma da nauyinta yana can da maganata ta ƙarshe a kunnensa. Baki shi ke yanka wuya, yau na yarda. Ban ce a'a ba, wallahi ban ce a'a ba. Amma abin da ya ji shi ne ban san shi ba, kuma wayar ba ta sake yin ƙara ba.